RA'AYI: A gwada na'urar wuta da lodin ba-zata kafin a biya ɗan kwangila

Duk ma'aikacin da ya taɓa zama a kwamitin karɓar kayan kwangila a wata ma'aikatar Gwamnatin Tarayya ya san yadda lamarin ke gudana. Ɗan kwangila ya sauke kwalaye, jami'in sito ya ƙirga, odita ya gwada lambobin da ke jikin kaya da na cikin takarda, sannan a jona na'urar a bango. Da zarar fitilarta ta kawo kore, sai kowa ya sa hannu. Idan inbata ce ko UPS, akan ƙara da kunna fanka da ƙwan fitila biyu ko uku, a bar su na minti goma. Daga nan fayil ya kama hanyar sashen kuɗi.

Wannan gwaji bai isa ba, kuma rashin isarsa yana cin dukiyar gwamnati a kowace shekara ba tare da ya bayyana a rahoton binciken kuɗi ba. Na'urar da ke ba kwamfuta wuta tana nuna ainihin halinta ne a ƙiftawar idon da aka ɗora mata nauyi ba zato ba tsammani, ko aka sauke mata shi farat ɗaya. Injiniyoyi suna da gwaji na musamman domin wannan, wanda za mu kira gwajin lodin ba-zata. Kirana shi ne a mayar da shi sharaɗi a takardun kwangilar kayan wuta na ofisoshin gwamnati, kuma a hana biyan kuɗin ƙarshe sai an ga sakamakonsa.

Domin a fahimci dalilin, sai an san abin da ke cikin akwatin. Wutar da ke zuwa soket a Nijeriya mai kai-da-komo ce, ƙarfinta bolt 230, tana juyawa sau 50 a sakan guda. Kwamfuta ba ta cin wannan wuta kai tsaye. Tana buƙatar wuta miƙaƙƙiya mai ƙaramin ƙarfi, bolt 12 da 5 da 3.3, shi kuwa kwakwalwarta abin da take buƙata bai wuce kimanin bolt ɗaya ba. Mai yin wannan aikin canji shi ne ɗan akwatin wuta da ke cikin kowace kwamfuta, da cajar laftof, da na'urar rarraba intanet, da manyan kwamfutocin adana bayanai. Dabarar da yake amfani da ita ita ce kunnawa da kashewa. Wani makunni na lantarki yana buɗewa yana rufewa sau dubun-dubatai, wani lokaci ɗaruruwan dubbai, a cikin sakan guda. Akwai kuma ɗan da'irar da ke sa ido a kan wutar da ke fita. Idan ta ga ƙarfin ya ragu, sai ta tsawaita lokacin da makunnin ke zama a kunne. Idan ya ƙaru, sai ta taƙaita. Inbata da UPS na zamani duk a kan wannan tsari aka gina su.

Tsarin yana da kyau, yana tsimin wuta, yana rage nauyi da girman na'ura. Rauninsa ɗaya ne: mai sa idon yana buƙatar lokaci kafin ya gane cewa an samu canji, sannan yana buƙatar wani lokacin kafin ya gyara. A ɗauka cewa kwamfutar adana bayanai tana hutawa, tana cin rubu'in wutar da akwatinta zai iya bayarwa. Sai ma'aikata ɗari suka shiga manhajar albashi a lokaci guda, buƙatar wuta ta ninka sau uku a cikin ƙasa da kashi ɗaya bisa dubu na sakan. Naɗaɗɗiyar wayar da ke cikin akwatin ba ta barin yawan wutar da ke bi ta cikinta ya canja nan take, haka halittarta take. Saboda haka a ɗan wannan tsakani, ƙananan ma'ajiyan wuta da masu gyara ke kira kafasita su ne ke riƙe gida. Yayin da suke bayar da abin da suka tara, ƙarfin wuta yana nutsewa ƙasa, har sai mai sa ido ya farga ya ɗago shi. Idan aka sauke nauyin farat ɗaya kuma, akasin haka ke faruwa: wutar da ta riga ta taho ba ta da inda za ta je, sai ƙarfin ya yi tsalle sama.

Abubuwa uku ake aunawa a gwajin. Na ɗaya, zurfin nutsewar da tsawon tsallen. Na biyu, tsawon lokacin da wutar ke ɗauka kafin ta dawo daidai. Na uku, yadda take dawowa: ko a hankali take komawa mazauninta sau ɗaya, ko kuwa sai ta yi ta lilo sama da ƙasa kafin ta natsu. Wannan lilon shi ne babbar alamar haɗari, domin yana nuna cewa da'irar sa idon tana gab da kubcewa, kuma ɗan zafi ko ɗan tsufa zai iya tura ta ga rawar da ba ta tsayawa. Kayan gwajin guda biyu ne kawai a asali: na'urar da ke kwaikwayon lodi, wadda ake umarta ta yi tsalle daga rubu'i zuwa kashi uku bisa huɗu, ko daga rabi zuwa cikakken nauyi, a kan saurin da aka ƙayyade, da kuma osiloskof, wato na'urar da ke zana yanayin wuta a allo. Mitar da mai gyaran wuta ke yawo da ita a aljihu ba za ta ga komai ba, domin kafin lambobinta su motsa abin ya faru ya wuce.

Akwai iyakoki sanannu da ake gwada sakamakon da su. Ƙa'idar ATX ta kamfanin Intel, wadda akwatunan wutar kwamfutocin tebur ke bi, ta yarda layin bolt 12 ya kauce da kashi 5 cikin 100 ne kawai a tsarinta na asali, wato tsakanin 11.4 da 12.6. Ta kuma buƙaci akwatin ya ci gaba da bayar da wuta na kimanin milisakan 16 bayan an ɗauke wutar bango, domin a ba UPS damar karɓar aiki. A lura, zagaye ɗaya na wutarmu milisakan 20 ne, kuma UPS mai araha yakan ɗauki har kusan milisakan 10 kafin ya koma kan batir. Ratar da ke tsakanin kwamfutar da ta ci gaba da aiki da wadda ta mutu a tsakiyar rubuta fayil 'yan milisakan ne. A 2022, da Intel ya fitar da sabuwar ƙa'idar ATX 3.0, sai ya rubuta a fili cewa manyan akwatunan wuta dole su jure ninki biyu na ƙarfinsu na ɗan taƙaitaccen lokaci, kashi ɗaya bisa dubu goma na sakan. Masu ƙera kwamfuta da kansu sun amince cewa matsalar tana a tsallen nauyi.

Haka abin yake ga manyan na'urori. Ƙa'idar duniya mai lamba IEC 62040-3 ta kasa UPS gida uku, VFD da VI da VFI, gwargwadon yadda wutar da ke fita ta dogara da wutar da ke shigowa, kuma ta tanadi gwajin ɗora lodi da sauke shi farat ɗaya. Ƙa'idar ISO 8528-5 ta kasa janareta zuwa aji G1 har G4 bisa ga yadda ƙarfin wuta da saurin juyawa ke faɗuwa idan aka ɗora nauyi, da lokacin da suke ɗauka kafin su farfaɗo. Ma'auni yana nan a rubuce tun tuni. Abin da ya rage shi ne takardunmu na kwangila su ambace shi.

Abin da takardun ke ambata a yanzu, galibi, lamba ɗaya ce: inbata mai kVA 5, UPS mai kVA 20, janareta mai kVA 500. Wannan lamba tana faɗin nauyin da na'ura za ta iya ɗauka a zaune, cikin natsuwa. Ko ita ma tana da ruɗi, domin kVA 5 a na'urar da aka ƙera bisa ma'aunin 0.8 kilowat 4 ne kawai na aiki. Amma ofis ba ya zama cikin natsuwa. Injin na'urar sanyaya ɗaki irin ta da, a lokacin da yake tashi, yana jan ninki biyar zuwa bakwai na wutar da yake ci idan ya daidaita. Haka famfon tura ruwa, haka injin lif. Na'urar buga takardu mai amfani da zafi tana fizgar wuta duk lokacin da take ɗumama kanta, shi ya sa masu ƙera ƙananan UPS ke gargaɗin kada a jona ta a kansu. Ƙarfe takwas na safe a Sakatariyar Tarayya, lokacin da ake kunna komai kusan a tare, shi ne ainihin gwajin, kuma shi ne gwajin da kwamitin karɓar kaya bai yi ba. Ba a sanin maci tuwo sai miya ta ƙare.

Har tambarin 80 PLUS da ake nunawa a jikin kwali a matsayin shaidar inganci, abin da yake aunawa shi ne tsimin wuta a kan kashi 20 da 50 da 100 na nauyi, kowanne a zaune. Ma'auni ne mai amfani, sai dai bai ce komai ba game da abin da zai faru a tsakanin wannan mataki da wancan.

Sai kuma batun zafi, wanda ya sa lamarin ya fi tsanani a wurinmu. Kafasita mai ruwan sinadari, wadda ita ce ke riƙe gida a lokacin tsalle, tana bushewa a hankali, kuma masu ƙera ta suna da ƙa'idar lissafi: duk ƙarin zafi na digiri 10 yana rage rabin rayuwarta. Wadda aka rubuta za ta yi awa 2,000 a digiri 105, za ta yi kimanin awa 32,000 idan cikin akwatin yana digiri 65, wato shekara uku da 'yan watanni tana aiki dare da rana. Idan zafin ya kai digiri 75, sai awa 16,000, ƙasa da shekara biyu. Duk wanda ya san Abuja a watan Maris, ya kuma san ɗakunan da ake cusa inbata a ƙarƙashin matakala ko a bayan kabad ba iska, ga ƙurar hunturu da ta toshe fanka, zai gane inda lissafin ya dosa. Na'urar da ta tsallake gwaji da ƙyar a ranar da aka kawo ta sabuwa, bayan damina biyu ba za ta tsallake ba. Saboda haka ake buƙatar ganin rata mai faɗi tun ranar farko.

Mai karatu na iya cewa wannan magana ce ta injiniyoyi, me ya haɗa ta da mataimakin darakta ko hadimin minista? Abin da ya haɗa su shi ne aikin gwamnati ya koma cikin kwamfuta. Albashi yana kan IPPIS, biyan kuɗi yana kan GIFMIS, kuɗaɗen shiga suna bi ta Asusun Bai-ɗaya tun 2015. Shugabar Ma'aikatan Tarayya, Didi Esther Walson-Jack, ta sanya ƙarshen Disambar 2025 a matsayin wa'adin da ma'aikatu za su bar fayil na takarda. Fayil na takarda idan aka ɗauke wuta yana nan a kan tebur. Na kwamfuta kuwa, idan wuta ta nutse a daidai lokacin da ake rubuta shi, zai iya lalacewa, ma'ajiyar bayanan ma za ta iya rikicewa gaba ɗaya. A gefe guda kuma, tun da aka ɗaga kuɗin wutar rukunin A zuwa naira 225 a kan kowane kilowat na awa ɗaya a Afrilun 2024, hukumomi da dama suka karkata ga sola da inbata, har aka ware naira biliyan 10 a kasafin 2025 domin sola a Fadar Shugaban Ƙasa. Ma'anar wannan ita ce gwamnati tana sayen irin waɗannan na'urori fiye da kowane lokaci a baya, da ma'aunin karɓar kaya irin na kujera da tebur.

Mafi muni a wannan nau'in matsala shi ne ba ta barin sawu. Kwamfuta ta mutu ta tashi da kanta, sai a ce manhaja ce. Na'urar intanet ta yanke, sai a zargi kamfanin sadarwa. Inbata ta yi ƙara ta kashe kanta da aka kunna na'urar sanyaya ɗaki, sai a ce batir ne, a rubuta takardar neman sababbi. Idan abin ya yi yawa sai a ɗora wa kamfanin rarraba wuta, wanda da ma ya saba ɗaukar laifi, nasa da wanda ba nasa ba. Ƙaramin ma'aikacin sashen kwamfuta shi ke shan takardar tuhuma, alhali laifin yana cikin wani akwati da aka karɓa shekara biyu da suka wuce, an biya, an rufe fayil, garantin ma ya ƙare.

Akwai hujjoji uku da za a iya kawowa a kan wannan kira, kuma kowacce ta cancanci amsa.

Ta farko, cewa hukumar SON ta riga ta tantance kayan kafin su shigo ƙasa a ƙarƙashin tsarin SONCAP. Gaskiya ne, kuma tsarin yana da muhimmanci. Amma takardar tana shaida ne cewa samfurin kaya ya dace da ƙa'idar da aka gwada shi a kanta. Ba ta san nauyin da ke ofishinka ba, ba ta san tsawon wayar da aka ja ba, ba ta san batir nawa aka haɗa ba, ba ta kuma tabbatar da cewa abin da ke cikin wannan kwalin shi ne irin wanda aka kai ɗakin gwaji. Tantancewar shigo da kaya da gwajin karɓar aiki abu biyu ne, ɗaya ba ya maye gurbin ɗaya.

Ta biyu, cewa gwajin zai ƙara kuɗi da jinkiri. Zai ƙara, amma kaɗan. Gwajin UPS ko inbata bayan an girka su aikin yini guda ne ga injiniyan da ke da kayan aiki. Na ƙananan akwatunan wuta kuwa ba sai an gwada kowanne ba, samfuri kaɗan daga cikin ɗari sun wadatar, kuma duk kamfanin kirki yana da rahoton wannan gwaji a ajiye, har da hoton allon osiloskof, domin ba a kammala ƙera na'ura sai an yi shi. Ɗan kwangilar da ya kasa kawo rahoton ya riga ya gaya maka wani abu game da inda ya samo kayansa. Idan aka gwada kuɗin yini guda da kuɗin canja batir sau biyu da sayen sabuwar inbata kafin lokacinta, za a ga araha ba ta ado.

Ta uku ita ce mafi nauyi: cewa doka ta tilasta a bai wa mai farashi mafi ƙanƙanta. Dokar Sayen Kayan Gwamnati ta 2007 ba haka ta ce ba. Abin da ta tanada shi ne a bai wa mai farashi mafi ƙanƙanta daga cikin waɗanda aka tantance kuma suka cika sharuɗɗan da aka gindaya. Kalmar sharuɗɗa ita ce ƙofar. Idan takardar neman tayi ba ta faɗi komai ba sai kVA, to mai kayan banza ya cika sharaɗi, kuma tilas ya yi nasara a kan mai kayan kirki. Idan ta ce ƙarfin wuta kada ya kauce fiye da kaza, ya kuma dawo cikin lokaci kaza, idan aka ɗora rabin nauyi farat ɗaya, to an fitar da shi bisa doka ba tare da nuna son kai ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma tsagar a nan tana cikin takardar da mu da kanmu muka rubuta.

Ga abin da nake ganin ya kamata a yi, kuma babu wanda ke buƙatar sabuwar doka.

Na farko, Hukumar Kula da Sayen Kayan Gwamnati, BPP, ta sanya sakin layi na musamman a daidaitattun takardun neman tayi na kayan wuta, wanda zai ambaci aji na IEC 62040-3 ga UPS da na ISO 8528-5 ga janareta, ya kuma buƙaci rahoton gwajin lodin ba-zata daga masu ƙera inbata da akwatunan wuta. Rahoton ya faɗi girman tsallen da aka yi, da saurinsa, da zafin ɗakin da aka yi gwajin, domin sakamakon da ba a faɗi sharuɗɗansa ba ado ne kawai.

Na biyu, a yi gwajin karɓar aiki a wurin da aka girka na'urar, a gaban kwamiti. A ɗora nauyi daga sifili zuwa rabi, daga rabi zuwa cikakke, a sauke shi farat ɗaya. A yanke wutar bango alhali na'urar tana ɗauke da cikakken nauyi, a mayar, a maimaita sau da yawa. A gwada sauyi daga wutar gari zuwa janareta. A yi duka da na'urar da ke naɗar yanayin wuta, a buga sakamakon a liƙa shi cikin fayil kusa da takardar karɓar kaya, da sa hannun injiniya mai rajista da COREN.

Na uku, kada kowace ma'aikata ta ce sai ta sayi nata kayan gwaji, domin nan ma wata kwangilar ce za ta ɓullo. Hukumar NEMSA, wadda doka ta ɗora wa duba ingancin kayan lantarki da yadda aka girka su, tana da injiniyoyi da tashoshin gwajin mita. Akwai sassan injiniyan lantarki a Jami'ar Abuja da Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Minna da Kwalejin Fasaha ta Kaduna. Ƙaramar yarjejeniya da irin waɗannan za ta wadatar, ɗalibai ma su samu wurin koyon aiki na gaske.

Na huɗu, a riƙe wani kaso na kuɗin kwangila har sai an maimaita gwajin kafin garanti ya ƙare, zai fi kyau a lokacin bazara. A nan ne za a ga ko kafasita da batir ɗin da aka saka na gaske ne.

Manyan sakatarori su ne masu alhakin kuɗin ma'aikatunsu a gaban doka, kuma ba a tsammanin su zama injiniyoyi. Abin da ake tsammani daga gare su, da daga hadiman da ke tace musu fayil kafin ya isa teburinsu, tambaya ɗaya ce da za a rubuta a gefen takarda da jan biro: ina sakamakon gwajin ɗora lodi? Idan aka yi tambayar sau uku aka mayar da fayil sau uku, 'yan kwangila za su fara zuwa da amsar tun kafin a tambaye su, kuma masu shigo da kaya za su gane cewa kasuwar gwamnati ta daina karɓar duk abin da fitilarsa ta kawo kore.

Mun daɗe muna kuka da faɗuwar babban layin wutar ƙasa, wanda shi ma a lokuta da yawa labarin tsalle ne: wata tasha ta fita ko wani layi ya yanke farat ɗaya, babu isasshiyar ajiyar da za ta cike gurbin cikin sakanni, sai komai ya bi. Gyaran wancan yana buƙatar biliyoyi da shekaru. Na cikin ofisoshinmu kuwa sakin layi ɗaya yake buƙata a takardar kwangila, da yini guda na gwaji, da jami'in da zai ƙi sa hannu sai ya gani da idonsa. Allah ya ba masu riƙe da amanar dukiyar jama'a ikon sauke ta.